Gyara kan maganar gishiri da tafasar ruwa, da kuma haɗin da wuta ba ta iya rabawa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridar nan ne tun da daɗewa, kuma shafin da nake fara buɗewa kullum shi ne na ilimi da kimiyya, sabida na shafe shekaru masu yawa ina koyar da kemistiri kuma har yau abin yana raina. To a fitowar da ta wuce akwai amsar da aka ba wani ɗalibi a wannan shafin wadda gaskiya ta tsaya min a rai, na karanta na ajiye na sake ɗauka, daga ƙarshe dai na ce bari in rubuto, don yara suna yanke irin waɗannan amsoshin suna haddacewa su shiga jarrabawa da su.

Abu biyu aka faɗa a ciki. An ce wai zuba gishiri a ruwa yana sa shi saurin tafasa, sannan can ƙasa aka ce duk wasu ruwa iri biyu da suka gauraya, in dai zafin da kowanne ke tafasa ya bambanta, to distileshan, wato dafa haɗin a kama tururinsa a sanyaya, zai raba su tsaf kowa ya koma asalinsa. Dukansu ba haka suke ba ranka ya daɗe. Kuma abin da ya sa na damu, maganganun nan biyu a littafi babi daban-daban suke amma a haƙiƙa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, wanda ya gane ta farko da kyau shi ne zai gane inda ta biyu ta kuskure.

Bari in fara da gishirin. Tsantsar ruwa a matsin iska na bakin teku yana tafasa a digiri 100, wannan kowa ya sani. In ka narkar da gishiri a ciki, wurin tafasar sama yake yi ba ƙasa ba, wato sai ruwan ya ƙara ɗaukar zafi kafin ya tafasa. Nawa yake ƙaruwa? Kaɗan ne ƙwarai. In ka zuba giram 10 na gishiri a lita ɗaya ƙarin bai wuce digiri 0.17 ba, ba mai iya lura da wannan da ido ko da agogo. Sai ka zuba wajen giram 58 a kilo ɗaya na ruwa sannan za ka samu ƙarin kusan digiri 1 cif, kuma wannan ruwan ya fi ruwan teku gishiri don na teku wajen giram 35 ne a kilo. Na san inda mutane suka samo wancan tunanin, in ruwa ya kusa tafasa ka watsa gishiri za ka ga ya yi fuuu da kumfa nan take, sai a ɗauka tafasa ce ta zo da wuri. Ba ita ba ce, ƙwayoyin gishirin ne suka ba kumfa wurin kamawa, iskar da ke cikin ruwan da ɗan tururi suka taso lokaci guda, bayan daƙiƙa kaɗan sai ya lafa.

To yanzu ga inda abin yake da daɗi, kuma shi ne abin da nake so ɗalibai su riƙe. Ɗauki wannan giram 58 ɗin amma na sukari, ka zuba a kilo ɗaya na ruwa. Ƙarin da za ka samu bai kai digiri 0.1 ba, wajen 0.09 ne. Nauyi ɗaya, ruwa ɗaya, amma gishiri ya ninka sukari fiye da sau goma. Me ya sa? Sabida ruwan ba nauyi yake dubawa ba, kuma ba ruwansa da ɗanɗano ko launi ko sunan abin da ka zuba, ƙirga yake yi kawai. Guda nawa ne suke yawo a cikina, shi ke nan tambayarsa. Ƙwayar sukari ƙatuwa ce, sai ka auna giram 342 kafin ka tara mol ɗaya, wato wani ƙayyadadden adadin ƙwayoyi da ake ƙirge da shi a kemistiri, gishiri kuwa giram 58 da ɗan ɗori ya isa mol ɗaya, sannan kuma kowace ƙwayar gishiri in ta shiga ruwa rabewa take gida biyu, sodiyam ya kama gabansa kulorayid ya kama nasa, sai lissafin ya ninka. Don haka in kana so sukari ya yi abin da giram 58 na gishiri ya yi sai ka zuba giram 680 da wani abu. Wannan ɗabi'ar ta ƙirge ba tare da duba waye ba ita ake kira koligatif, kalmar daga Latin take, ma'anarta abubuwan da aka ɗaure tare, kuma Bajamushen nan Wilhelm Ostwald ne ya sa mata sunan a 1891.

Abubuwan da aka ɗaure taren guda huɗu ne, matsin tururi ya ragu, wurin tafasa ya hau, wurin daskarewa ya sauka, sai matsin osmosis. A aji yawanci akan rubuta su a allo kowanne da fomularsa, yaro ya kwafa ya haddace ya manta bayan jarrabawa, alhali uwarsu ɗaya ce. Ruwa kullum yana da marmarin ficewa, ko ya zama tururi ya tashi, ko ya zama ƙanƙara ya jeru, ko ya ratsa tantani ya tsallaka wani gefen. In ka narkar da wani abu a cikinsa wannan marmarin yana raguwa, ruwan ya fi samun zama a inda yake. Shi ke nan fa. Tunda marmarin zama tururi ya ragu dole ka ƙara wuta, tunda marmarin zama ƙanƙara ya ragu dole ka ƙara sanyi. Wasu littattafan suna cewa wai ƙwayoyin gishirin ne suke tare saman ruwan su hana tururi fita, wannan hoton yana taimaka wa ɗan aji huɗu ya fara kamo zaren amma ba shi ne ainihin dalilin ba, ainihin dalilin shi ne gaurayayyen ruwa ya riga ya samu hanyoyin bazuwa da cakuɗewa masu yawa fiye da tsantsarsa, abin da ake kira entirofi, don haka ribar da zai ci in ya fice ta ragu. Ni a ganina gara a faɗa wa ɗalibi wannan tun da wuri ko da bai gane duka ba, da a bar shi da hoton da sai an goge shi daga baya.

Ba yau aka fara lura da abin ba. Tun 1788 Baturen Ingila Charles Blagden ya nuna cewa saukar wurin daskarewa tana tafiya daidai da yawan gishirin da aka narkar. Sai kusan shekara ɗari bayan nan François-Marie Raoult, malami a Grenoble ta ƙasar Faransa, ya zauna ya yi ta awo da haƙuri, abu iri-iri a cikin ruwa iri-iri, har ya fito da dokar da ke ɗauke da sunansa a 1887, cewa matsin tururin ruwa yana sauka daidai da kason ƙwayoyin da baƙon, wato abin da aka narkar, ya cinye a cikin haɗin. Daga irin wannan aikin aka samu lambobi biyun da duk ɗalibin kemistiri ya sani, mol ɗaya na ƙwayoyi a kilo ɗaya na ruwa yana ɗaga tafasa da digiri 0.512 yana sauke daskarewa da digiri 1.86. A lura fa, na daskarewar ya ninka na tafasar fiye da sau uku, shi ya sa a aikace an fi morar ɓangaren sanyi.

Ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe musu titi, irin su Kanada da arewacin Amurka da Turai, gishiri suke watsawa a hanya, kuma yana aiki har zuwa wani iyaka, don ruwan gishiri komai kaurinsa ba ya wuce wajen digiri 21 ƙasa da sifili bai daskare ba, a nan ne ya kai kashi 23 cikin 100. In sanyi ya fi haka sai su koma kalsiyam kulorayid, shi kuma kowace ƙwaya tasa gida uku take rabewa. Haka ruwan da ake zuba wa lagireton mota, wanda ake haɗawa rabi ruwa rabi etilin gilaikol, yana jure sanyi har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma a ɗaya ɓangaren yana ɗaga wurin tafasa da 'yan digirori, abu ɗaya ya yi aiki biyu. Ruwan teku ma sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili yake fara daskarewa.

Amma wanda ya fi shafar ran ɗan Adam kai tsaye shi ne osmosis, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. In ka raba tsantsar ruwa da ruwan gishiri da tantanin da ruwa ke iya ratsawa amma gishiri ba ya iyawa, ruwan zai riƙa tsallakawa zuwa gefen gishirin da kansa ba wanda ya tura shi, kuma ƙarfin da za ka danna don ka tsayar da shi shi ne matsin osmosis. Wani Bafaranshe Jean-Antoine Nollet ya ga haka tun 1748 da mafitsarar dabba, Wilhelm Pfeffer masanin tsirrai ya auna shi da kyau a 1877, sannan Jacobus van 't Hoff mutumin Holan ya ɗauki lambobin Pfeffer ya gano cewa fomular da ke bayanin matsin iskar gas ita ce dai take bayanin wannan, kamar ƙwayoyin da suka narke gas ne da aka kulle a cikin ruwa. Wannan yana cikin aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta kemistiri ta farko a tarihi, a 1901. Ƙarfin kuwa ba na wasa ba ne, na ruwan teku ya kai wajen ninki 27 na matsin iskar da ke kanmu, shi ya sa injinan da ke mai da ruwan teku ruwan sha, irin waɗanda Saudiyya da maƙwabtanta suka dogara da su, sai sun danna da matsin da ya haura ninki 50 kafin su tilasta wa ruwan ya koma baya ya bar gishirin.

Jininmu ma haka yake, matsinsa na osmosis ya haura ninki 7 na matsin iska. Ruwan da ake ƙara wa mara lafiya a asibiti da ake ce wa nomal salin, giram 9 ne na gishiri a kowace lita, kashi 0.9 cikin 100 kenan, kuma ba da ka aka zaɓi wannan lambar ba, an daidaita ƙirgen ƙwayoyinsa ne ya yi kusa da na jini. Da za a ɗura wa mutum tsantsar ruwa a jijiya, jajayen ƙwayoyin jininsa za su yi ta shan ruwa su kumbura su fashe, da kuma za a ɗura mai gishiri da yawa ba bisa ƙa'ida ba sai su yamushe. Haka ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun rage kaurinsa a 2002, daga 311 zuwa 245 a ma'aunin miliosmol a lita, wato ƙirgen ƙwayoyin da suka narke, sabida an ga in haɗin ya cika kauri yana iya janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji maimakon ya mayar. Shi ya sa ake ta nanata cewa a haɗa fakitin da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, kar a rage ruwan da sunan a ƙara masa ƙarfi. Ka ga Malam Edita wannan babin da yara ke gani kamar lissafin banza, rai ne a cikinsa.

Akwai wani abu kuma da tarihin ya koya mana wanda nake ƙaunarsa. Lokacin da van 't Hoff ya gwada fomularsa, sukari ya bi ta daidai amma gishiri da asid suka ƙi, kullum sakamakonsu ya fi abin da aka zata, har ya sa wata lamba a fomular don ya cike giɓin. Wani matashi ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya ce ai dalilin shi ne gishiri rabewa yake a ruwa ya zama ayon-ayon masu caji, manyan malamansa da farko ba su yi na'am da maganar ba, amma a 1903 shi ma ya karɓi Nobel. Wato bijirewar da gishiri ya yi wa dokar ce ta tona asirin yadda yake a cikin ruwa. Kuma ko lambar 2 ɗin da muke ba gishiri ba ta cika cif, in ka auna za ka samu wajen 1.9, don ayon ɗin suna jan junansu ba su saki jiki gaba ɗaya ba. A ɗaya gefen kuma asid ɗin benzoyik in ka narkar da shi a benzin, wani ruwan sinadari da ake narkar da abubuwa a ciki, ƙwayoyinsa biyu-biyu suke maƙalewa, sai benzin ɗin ya ƙirga su a matsayin rabi.

To a nan ne maganar farko ta haɗu da ta biyu. Duk dokokin nan na ƙirge suna tsayawa ne bisa sharaɗi, cewa baƙon kaɗan ne, kuma ƙwayoyin ba su damu da waye maƙwabcinsu ba. Na ɗaga wurin tafasa ma yana da ƙarin sharaɗi wanda malamai da yawa ke tsallakewa, dole abin da aka narkar ya zama ba ya tashi tururi shi kansa, kamar gishiri da sukari. In ka zuba etanol, wato sifirit, a ruwa, wurin daskarewa zai sauka kamar yadda doka ta ce, amma wurin tafasa ba zai hau ba, sauka zai yi shi ma, don etanol yana tashi. Da zarar duka biyun suna tashi, kuma kowanne yana da yawa a haɗin, sai tambayar waye ta dawo da ƙarfinta, ruwa ya daina ƙirge kawai ya fara duba da wa yake zaune.

Distileshan dai kowa ya san dabararsa, a dafa haɗin, wanda ya fi saurin tashi ya fi yawa a tururin, a kama tururin a sanyaya ya koma ruwa, a sake dafawa, a haka a haka yana ƙara tsarkaka. Dukkan aikin ya rataya ne a kan abu ɗaya, cewa tururin ya bambanta da abin da ke cikin tukunyar. Etanol yana tafasa a digiri 78.4 ruwa a 100, tazara ce babba, kowa zai ce ai wannan mai sauƙi ne. Kuma da farko mai sauƙin ne, ka fara da kashi 10 cikin 100 ka yi ta hawa, 50, 80, 90, amma in ka iso kashi 95.6 bisa nauyi sai abu ya tsaya cak. A daidai wannan wurin tururin da ke tashi da ruwan da ke ƙasa iri ɗaya ne sak, 95.6 a sama 95.6 a ƙasa, kuma haɗin yana tafasa a wajen digiri 78.2, ƙasa da etanol ɗin kansa, ƙasa da ruwa. Ko ka gina hasumiyar distileshan mai tsawon bene goma, ko ka maimaita sau dubu, ba za ka ƙara ko ɗigo ba. Wannan shi ne aziyotirof, sunan da John Wade da Richard Merriman suka ƙirƙira a Ingila a 1911 daga kalmomin Girka, ma'anarsa abin da tafasa ba ta sauya shi.

Dalilin kuwa, ƙwayar ruwa ta fi son zama da 'yar uwarta ruwa a kan zama da etanol, don jikin etanol akwai wutsiyar kabon da ba ta jituwa da ruwa, to sai zaman haɗin ya zama kowa a takure, kowa ya fi saurin ficewa fiye da yadda dokar Raoult ta yi hasashe. Matsin tururi ya haura abin da aka zata har ya yi tozo a wani wuri, a kan wannan tozon ne wurin tafasa ya fi ƙasa. Kuma abin mamaki metanol, wanda ƙanen etanol ne da kabon ɗaya kacal, ba ya yin aziyotirof da ruwa sam, ana raba su da distileshan lafiya lau. Aisofirofanol kuma, mai kabon uku, nasa ya fi saurin tsayawa, a wajen kashi 88 bisa nauyi. Ka ga a nan sunan baƙon da siffarsa su ne komai, akasin abin da muka gani a gishiri da sukari.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda baƙin biyu suka fi son juna a kan 'yan uwansu, sai su riƙe juna gam su ƙi tashi, wurin tafasar haɗin ya haura na kowannensu. Asiton yana tafasa a 56 kulorofom a 61, amma haɗinsu a wani kaso sai ya kusa 65. Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne asid ɗin haidirokulorik. Shi kansa gas ne da ke tafasa a digiri 85 ƙasa da sifili, ruwa a 100, amma haɗinsu a kashi 20.2 sai ya kai kusan 109. In ka ɗauki mai ƙarfi na kwalba, kashi 37, ka dafa, asid ɗin ne zai yi ta gudu har abin da ya rage ya sauko 20.2. In ka ɗauki mai ruwa-ruwa, kashi 5 misali, ka dafa, ruwan ne zai yi ta gudu har ya hau 20.2. Ta ko'ina ka taso a nan za ku haɗu, kuma tabbacinsa ya kai har masu awo a ɗakin gwaji sun daɗe suna amfani da shi a matsayin ma'auni. Asid ɗin naitirik da ake rubuta kashi 68 a jikin kwalbarsa ma dalilin kenan, a nan distileshan ya ajiye shi, yana tafasa a wajen 121, na salfurik kuma kashi 98.

Ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa zai tambaya, tunda yana tafasa a wuri ɗaya kuma kasonsa ba ya canjawa, ashe ba sabon sinadari ba ne aka samu? Tambaya ce mai kyau kuma manyan masana sun taɓa zaton haka. Henry Roscoe ne a wajajen 1860 ya nuna cewa in ka canja matsin iska, kason aziyotirof ɗin ma canjawa yake, sinadari na gaskiya kuwa kasonsa ba ya motsi don an rage matsi ko an ƙara. Don haka haɗi ne dai, ba aure aka ɗaura ba. Kuma wannan amsar ita ta buɗe ƙofa ɗaya ta fasa shi, na etanol da ruwa in aka rage matsi sosai, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na matsin iska, ɓacewa yake gaba ɗaya.

A masana'anta dai ba wannan hanyar aka fi bi ba don tana da tsada. A 1902 Sydney Young ya nuna cewa in ka ƙara benzin a cikin etanol mai kashi 95, sai su ukun su yi wani sabon aziyotirof da ke tafasa a wajen digiri 65, ya tashi ya kwashe ruwan ya bar tsantsar etanol a ƙasa, wato an yi maganin aziyotirof da wani aziyotirof ɗin. An daɗe ana haka, daga baya da aka tabbatar benzin yana jawo kansar jini aka koma saikuloheksen da makamantansa. Yanzu kuma yawancin manyan masana'antu ziyolait suke amfani da shi, wasu 'yan duwatsu masu ramuka ƙanana ƙwarai waɗanda ƙwayar ruwa ke shiga ta maƙale amma ta etanol ta yi musu girma sai ta wuce. Kuma ba don ƙawa ake wannan wahalar ba, etanol ɗin da za a gauraya da fetur dole a cire masa ruwan, in ba haka ba haɗin yana iya rabewa gida biyu a cikin tanki. Birazil da ta fara babban shirinta na etanol a 1975 iri biyu take sarrafawa sabida wannan, mai ɗan ruwan da aziyotirof ya bari ana sayar da shi kai tsaye ga motocin da injinsu ke iya ƙona shi, wanda aka busar kuma shi ake zubawa a fetur.

Ko masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki suna aiki da wannan ilimin kullum, ko sun san sunansa ko ba su sani ba. Gas ɗin sanyi da lambarsa ta fara da 5, irin R-502 da R-507, aziyotirof ne, yana tafiya kamar abu ɗaya. Wanda lambarsa ta fara da 4 kuwa, irin R-407C, haɗi ne da ba aziyotirof ba, in ya yi yoyo wani ɓangaren ya fi wani saurin gudu sai kason abin da ya rage ya canja, shi ya sa ake cewa a ɗura shi daga silinda yana ruwa ba yana tururi ba. Yaron da ya gane babin nan a makaranta in ya je koyon wannan sana'ar ba sai an ce masa haka ake yi kawai ba, ya san dalili.

Roƙona ga malamai 'yan uwana, don Allah a daina raba babin nan biyu kamar ba su san juna ba. A koyar da dokar Raoult, a nuna inda take aiki, sannan a ranar a nuna inda take karyewa da dalilin karyewar, kuma a yi bayanin da harshen da yaro ke tunani da shi kafin a kai ga fomula. Gwajin ma ba ya buƙatar kaya masu yawa, ƙanƙara da gishiri da ma'aunin zafi sun isa yaro ya ga alƙalami ya sauka ƙasa da sifili da idonsa, kuma wanda ya ga haka sau ɗaya ba ya mantawa.

Kai kuma Malam Edita abin da nake nema bai da yawa, a fitowa ta gaba a gyara layukan nan biyu a wannan shafin dai da suka fito, a ce gishiri ɗaga wurin tafasa yake yi kuma ɗagawar kaɗan ce, sannan a ce distileshan yana raba haɗi da yawa amma akwai waɗanda yake kai su wani kaso ya tsaya, a ba da misalin etanol da ruwa a kashi 95.6. In da hali a buga wasiƙar nan kusa da gyaran don ɗalibin da ya yi tambayar ya gani kafin ya shiga jarrabawa. Na gode ƙwarai da damar da kuke ba masu karatu, Allah ya saka da alheri.

Wassalam,
Naka, wani tsohon malamin kemistiri.